Matata ta daina bari in ga jikinta tun da aka cire mata mama, me zan yi?

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan da aka yi wa matata tiyata aka cire mata mama na hagu saboda sankara, yanzu kuma an fara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake bayarwa zagaye-zagaye. Shekararmu 14 da aure, 'ya'yanmu uku. Tun da muka dawo daga asibiti ba ta ƙara sauya kaya a gabana ba, in na shigo ɗaki sai ta juya baya. Kullum ina ce mata ba komai, za ta warke, sai ta ce "Allah ya sa" ta yi shiru. Ni kuma tsoro nake ji in taɓa ta, kada in fama mata ciwo, ko ta ɗauka wani abu nake nema alhali tana fama da kanta. Da dare ba na barci, amma ban taɓa nuna mata ba. Shin akwai abin da miji zai iya yi da gaske, ko dai aikin na likitoci ne kawai?

Amsa: Malam, sannu da jinya, sannu da ƙoƙari. Allah ya ba maiɗakinka lafiya.

Na karanta saƙonka sau biyu, kuma maganar da ta tsaya mini a rai ita ce ta kusa da ƙarshe, inda ka ce ba ka barci amma ba ka taɓa nuna mata ba. Ina kyautata zaton ita ma ba ta barcin, ita ma kuma ɓoye maka take yi. Mutum biyu a gado ɗaya, ido biyu, kowa yana sassauta numfashi don ɗan'uwansa ya zaci barci ya ɗauke shi. Na daɗe ina zama da ma'aurata a ɗakin duba masu sankara, kuma babu abin da na fi gani kamar wannan. In na keɓe da matar sai ta ce, "Likita, kada ki gaya masa na yi kuka, abin ya riga ya yi masa yawa." In na fito kuma mijin ya tare ni a bakin ƙofa, ya rage murya ya ce, "Ki gaya mini gaskiya, amma ita kada ta ji." Dukkansu ƙauna ce ta sa su haka. Sai dai ƙarshenta kowa ya zauna da tsoronsa shi kaɗai, a gidan da akwai wanda ya fi kowa cancantar ya taya shi ɗauka.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin tana da amsa a sarari. Akwai abin da miji zai yi, kuma an auna shi. Ba ina nufin soyayya tana kashe ƙwayoyin sankara ba. Wannan aikin wuƙar likita ne da kemo da gashi (ƙona sankarar da hasken na'ura) da ƙwayoyin magani, kuma duk wanda ya ce wa mara lafiya "ki kwantar da hankalinki ciwon zai tafi" ya ɗora mata laifin da ba nata ba. Abin da mutum na kusa yake yi shi ne ya sa maganin ya isa inda ake so ya isa, a kan lokaci, har ƙarshe. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a shekarar 2022, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 suna nan da ransu shekara biyar bayan an gano ciwon. A Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40. Ciwon ɗaya ne. Babban abin da ya raba su shi ne zuwa asibiti da wuri da kuma kammala magani. Shi ya sa shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya sa wa kansa burin cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na masu ciwon su kai ƙarshen maganinsu ba tare da sun yanke a hanya ba. To kammala magani kuwa ba a asibiti kaɗai ake yin sa ba. A gida ake yanke shawarar ko za a koma zagaye na huɗu bayan na uku ya kwantar da mutum.

A 2006 Candyce Kroenke da abokan aikinta sun fitar da sakamakon bibiyar ma'aikatan jinya mata 2,835 a Amurka waɗanda suka kamu da sankarar mama. Waɗanda suke zaman kaɗaici tun kafin ciwon, haɗarin mutuwarsu daga sankarar ya ninka na waɗanda suke kewaye da mutane. Masu binciken da kansu sun alaƙanta abin da rashin wanda zai yi jinya: wanda zai kai ki, ya ɗauko ki, ya lura kin daina cin abinci. A 2013 kuma wani bincike da Ayal Aizer ya jagoranta ya duba bayanan masu sankara iri-iri sama da 730,000, ya tarar masu aure sun fi zuwa kafin ciwon ya bazu, sun fi samun cikakken magani, haɗarin mutuwarsu kuma ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Akwai wani abu a cikin wannan sakamakon da nake so maza su ji: amfanin aure ya fi yawa ga maza marasa lafiya fiye da mata. A fahimtata, dalilin a bayyane yake. Mace in mijinta ya kwanta, jinya take shiga gadan-gadan. Namiji in matarsa ta kwanta, sau da yawa kuɗin magani yake nemowa ya tsaya daga bakin ƙofa, yana ganin iyakar nasa ke nan. Neman kuɗin babban aiki ne, ban raina shi ba. Amma takardar aure kaɗai ba ta yin jinya.

Yanzu mu dawo kan "ba komai, za ki warke."

Na san da kyakkyawar niyya kake faɗa. Ka tsaya ka ji yadda maganar take sauka a kunnenta. An yanke mata wani sashe na jikinta da ta shayar da 'ya'ya uku da shi, sumarta tana zuba ko tana gab da zuba, tana lissafin shekarun autanta a zuci tana tunanin ko za ta ga girmansa, sai mutumin da ya fi kowa kusa da ita ya ce ba komai. Abin da take ji shi ne an rufe ƙofar zancen. "Allah ya sa" ɗin da take ba ka amsa ce ta mai ladabi da ta gane ba a son a ji sauran. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da sanin wannan ɗabi'a ta ɓoye damuwa don kare abokin zama. Sharon Manne, wadda ta shafe shekaru tana nazarin ma'auratan da sankarar mama ta shiga gidansu, ta nuna cewa waɗanda suke zama su tattauna abin da ke damunsu damuwarsu ta fi sauƙi, zamansu kuma ya fi daɗi, alhali waɗanda suke kauce wa zancen, ko ɗaya yana neman a yi magana ɗaya yana zamewa, su ne suka fi shan wahala, matar da mijin duka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Tana ganin ramarka, tana jin juyinka da dare, kuma tun da ba ka gaya mata abin da ke ranka ba, ita za ta cike gurbin da abin da ta fi tsoro. Abin da mace a halinta ta fi tsoro kuwa bai wuce biyu ba: ko likita ya gaya maka wani abu da ake ɓoye mata, ko kuma ka fara ƙyamarta.

Saboda haka kai za ka fara. Ba sai ka shirya dogon jawabi ba. Ka samu lokacin da yara suka yi barci, ba ranar da ta dawo daga kemo ba, ka ce mata, "Ni ma fa tsoro nake ji. Ba na barci. Ban gaya miki ba ne don kada in ƙara miki nauyi." Daga nan ka yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya, domin za ka ji kamar dole ka kawo mafita. In ta yi kuka, ka bar ta ta yi, kada ka ce ta daina. In ta ambaci mutuwa, kada ka katse ta da "haba, daina faɗin haka." Ambaton mutuwa ba ya jawo ta, kuma macen da aka bari ta faɗi tsoronta sau ɗaya har ƙarshe ta fi samun barci a kan wadda ake toshe wa baki kullum. Ka tambaye ta, "Me ya fi damunki a cikin abin nan duka?" Amsar takan ba maza mamaki. Wata ba mutuwar ba ce a gabanta, yadda 'yarta za ta gan ta ba suma ne. Wata kuma kuɗin da ake kashewa ne yake cin ta, tana ganin ta zama kaya.

Sai maganar tabon, wadda ita ce zuciyar tambayarka.

Akwai wasu ma'aurata da ba na mantawa. Matar ta zo a duba ɗinkinta, mako uku bayan aiki. Da na ce zan buɗe bandejin, mijin ya miƙe zai fita, kamar yadda mafi yawansu suke yi. Ita kuma ta kafe idonta a bango. Na tambaye ta ko tana so ya tsaya. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "In zai iya." Ya dawo ya tsaya a gefen gadon. Na ɗaga audugar, ga layin ɗinki ya miƙe daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, ja-ja, fatar ta ɗan tattare a ƙarshensa. Ba tabon take kallo ba, fuskarsa take kallo, ko ƙiftawa ba ta yi. Shi kuwa ya sunkuya ya duba sosai, kamar mai son ya gane abu, ya ce, "Nan ne yake miki zafi da dare?" ya nuna kusa da hammatar. Ta ce a'a, can ciki ne, bayan hannu. Ya ce, "Ashe shi ya sa kike kwanciya ta dama." Iyakar abin da aka yi ke nan. Da ta zo sa riga, shi ya riƙe mata hannun rigar, kuma ba ta juya masa baya ba.

Abin da matarka take gudu shi ne daƙiƙar farko da idonka zai sauka a wurin. Ta riga ta hango ta sau ɗari a ranta, kuma a kowane hange fuskarka tana canzawa. Muddin ba a yi wannan kallon ba, tsoron yana nan yana ƙaruwa. Ga shi kai ma janyewar da ka yi, don gudun fama mata ciwo, ta zame mata hujja: tana juya baya don kada ka gani, kai kana ja da baya don kada ka takura mata, ita kuma tana fassara ja da bayanka da cewa ka tabbatar mata da zarginta. Kada ka yi mata ba-zata, kada ka matsa. Ka gaya mata da baki cewa kana so ka gani duk ranar da ta shirya, kuma ba don komai ka nisance ta ba sai tsoron kada ka ji mata ciwo. In tana so, a fara a gaban ma'aikaciyar jinya kamar waɗancan, ko a ɗaki da haske kaɗan. In kai kanka kana shakkar yadda fuskarka za ta yi, ka roƙi likita ta nuna maka hoton irin wannan tabon tukuna. Ba abin kunya ba ne, gara idonka ya saba kafin ranar. Idan ranar ta zo kuma, kada ka ce "ai ba a ma ganewa", domin ana ganewa, ta kuma san ana ganewa. Ka duba, ka tambaya, ka sa hannu in ta yarda.

Ga abin da ya kamata ka sani game da wurin. Bayan wata biyu, in ɗinkin ya kame babu ruwa babu kumburi, taɓawa a hankali ba ta ɓata komai. Fatar ƙirjin takan mutu, ba ta jin taɓi sosai, saboda an yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙo. In an cire kaluluwar hammata, bayan damtse yakan yi zugi ko ya riƙa yi kamar ana tsira allura. Wasu matan ma sukan ji ƙaiƙayi ko nauyi a maman da babu shi, kuma wannan sananne ne, ba taɓin hankali ba ne. Masu gashin ƙashi sukan koya wa mace ta riƙa murza tabon a hankali da man shafawa marar turare bayan ya warke, don fatar ta saki, kafaɗa ta samu motsi. Na sha ba mazaje wannan aikin. Minti biyar ne da dare, amma hannun miji ya koma jikin matarsa ta hanyar da babu wanda yake jin ana bin sa bashin komai. Ku tambayi likitanta kafin ku fara, kuma idan aka shiga gashin na'ura a bi abin da masu yin sa suka ce game da fatar. Ka riƙa lura da hannun hagun nan: in zobe ya fara matse ta, ko hannun ya yi nauyi ko kumburi, a faɗa da wuri, domin kumburin da ke biyo bayan cire kaluluwa ya fi jin magani tun yana ƙarami.

Maganar maman roba da ake sawa a cikin rigar mama, ko tiyatar sake gina maman, ka bar ta ta fito daga bakinta. In kai ka fara kawowa, komai kyawun niyyarka, abin da za ta ji shi ne yadda take yanzu bai ishe ka ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in yi maganar shimfiɗa a fili, tun da likitoci da yawa suna tsallake ta, ma'aurata kuma suna jin nauyin tambaya. Sankara ba a ɗaukarta, ko ta saduwa, ko ta sumba, ko ta kwana wuri ɗaya. Saduwa ba ta ta da ciwon, ba ta sa shi ya dawo. Gashin da ake yi da na'ura daga waje ba ya barin komai a jikinta da zai cutar da kai ko yara. Abin kiyayewa kaɗan ne. Bayan kowane zagaye na kemo, ragowar maganin yakan fita ta ruwan jiki na kwana biyu zuwa uku, wasu asibitocin sukan ce a ba shi mako guda, don haka a yi amfani da kwaroron roba a kwanakin. Lokacin da ƙwayoyin jininta suka yi ƙasa sosai, a dakata har likita ya ce sun farfaɗo. Ciki kuma bai kamata ya shiga ba a lokacin kemo, ko tana shan ƙwayar tamoxifen, ko ana yi mata allurar trastuzumab, waɗanda dukkansu magungunan sankarar mama ne, domin suna iya cutar da ɗan tayi. Ɗaukewar al'ada a lokacin kemo ba tabbacin cewa ciki ba zai shiga ba ne. Ƙwayoyi da allurai na tsarin iyali masu homon, wato sinadaran da ke sarrafa al'ada da haihuwa a jikin mace, ba su dace da mai sankarar mama ba. Abin da ake amfani da shi shi ne kwaroron roba ko robar mahaifa mai jan ƙarfe.

Wannan na kiyayewa ne. Abin da ya fi shafar zamanku shi ne yadda maganin yake sauya jikin mace daga ciki. Kemo yakan kwantar da aikin ƙwan mace, wani lokaci na ɗan watanni, wani lokaci har abada, musamman ga wadda ta haura shekara 40. Sai mace ta faɗa yanayin ɗaukewar al'ada cikin 'yan makonni, abin da a bisa ɗabi'a yake ɗaukar shekaru: zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo da tsakar dare, gabanta ya bushe har saduwa ta zama azaba, sha'awa ta ɗauke. Wani bincike a Ostareliya da aka buga a 2011, kan mata fiye da 1,000, ya tarar kusan kashi 70 cikin 100 suna fama da matsala ta wannan fannin bayan ciwon. Ka riƙe wannan adadin, domin ranar da za ta janye jikinta zuciyarka za ta raya maka kai ne ba a so. Magani ne yake aikinsa. Bushewar tana da sauƙin magancewa da man santsi mai ruwa-ruwa da kuma man da ake sawa a kai a kai don riƙe laima, amma kada ta sa ko ta sha wani haɗi da aka ce yana dawo da sha'awa ba tare da sanin likitanta ba, domin wasu suna ɗauke da homon ɗin da yake ciyar da irin wannan sankarar.

Shawarar da nake ba ma'aurata ita ce su raba taɓawa da saduwa na wani lokaci, su kuma faɗe shi da baki. Ka ce mata, "Zan riƙa rungumarki, zan riƙa riƙe hannunki, kuma ba wani abu nake nufi ba. Ranar da kika so fiye da haka, ke za ki faɗa." Da wannan magana ɗaya ka cire tsoron da ka ambata, na kada ta ɗauka nema kake yi, ita ma ka cire mata tsoron cewa in ta amsa rungumar ta ɗauki alkawarin da jikinta ba zai iya cikawa ba. Na ga mata da yawa da suka ce ba saduwar suka fi kewa ba, hannun da ake ɗora musu a baya kafin barci ne. Idan lokacin ya yi, ku bi a sannu, ku zaɓi kwanciyar da nauyi ba zai hau ƙirjinta ko hannun hagu ba, in tana so ta bar riga a jikinta ta bari. Ka tambaye ta game da ɗaya maman ma: wata tana so a taɓa, wata kuwa taɓa shi yana tuna mata wanda ta rasa.

Aikin yau da kullum ba shi da wuyar bayani. Ka riƙa shiga ɗakin likita tare da ita da takarda da biro, domin mai tsoro rabin abin da aka faɗa kawai yake ji, amma ka bar ta ta yi maganarta da kanta, kuma kada ka nemi a gaya maka abin da za a ɓoye mata, jikinta ne. Ka sayi ma'aunin zafin jiki. Fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cuta, sukan yi ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, kuma in zafin jikinta ya kai 38 a kwanakin nan, asibiti za a tafi a daren, ba a jira safiya, ba a kuma rufe zazzaɓin da farasitamol. Suma takan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, tana kuma dawowa bayan an gama. Kada ka ce "in kina son wani abu ki faɗa", domin ba za ta faɗa ba. Ka ɗauki aiki takamaimai ka mai da shi naka, kamar shirya yara da safe. Masu zuwa dubiya kuma kai ne ƙofarsu. Ita za ta zaɓi wanda za a gaya wa da wanda zai shigo, kai kuma ka tare mai dogon zama da mai labarin wadda ta mutu da irin ciwon da mai kawo maganin da zai sa a bar na asibiti.

Akwai lokacin da maza suka fi sakin jiki, kuma shi ne lokacin da aka fi bukatarsu: bayan an gama kemo da gashi. Kowa ya yi murna ya watse, ana cewa ta warke, ita kuwa a lokacin ne abin yake dirar mata, kowane ciwon baya sai gabanta ya faɗi. Idan sankararta irin wadda homon yake ciyarwa ce, kamar yadda mafi yawansu suke, za a ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kullum na shekara 5 zuwa 10. Shan tamoxifen na shekara biyar yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk da haka, wani bincike a Kalifoniya a 2010, kan mata 8,769, ya tarar kashi 49 cikin 100 ne kawai suka sha maganin homon ɗinsu yadda ya kamata har ƙarshe. Da yawa saboda illolin suke bari, wasu kuma a ɓoye, don su dawo wa mazajensu yadda suke a da. Miji da ya san wannan, ya ce wa matarsa "ƙwayar nan ta fi mini komai, sauran mu nemi dabararsa tare da likita," ya yi abin da babu allurar da za ta yi. In kuna da burin ƙarin haihuwa, shi ma a kai shi gaban likita. Akwai hanyar da ake tsara dakatar da maganin na ɗan lokaci ga wasu matan, amma ba a yin ta a gida.

Ban sani ba ko ta taɓa furta maka, amma kusan kowace mai aure da na duba ta yi tunanin ko mijinta zai tafi. Tsoron yana da tushe. Wani bincike a Amurka a 2009, kan marasa lafiya 515 masu sankarar ƙwaƙwalwa da wasu cututtuka masu tsanani, ya tarar aure ya mutu a kashi 20.8 cikin 100 idan matar ce ba lafiya, kashi 2.9 kacal idan mijin ne. Sai dai a kan sankarar mama kanta, Michel Dorval da abokan aikinsa a Kanada sun tarar a 1999 cewa rabuwa ba ta fi yawa ba a kan ta sauran mata, kuma inda aka samu matsala galibi da ma akwai ɓaraka tun kafin ciwon. A 2005 suka sake bibiyar ma'aurata 282, kashi 42 cikin 100 suka ce ciwon ƙara kusanta su ya yi. Daga cikin abubuwan da suka bambanta waɗannan akwai raka matar asibiti ranar tiyata, da ƙarin nuna mata tausayi da ƙauna a watannin farko, da kuma mijin ya nemi shawararta kan yadda shi kansa zai jure. Na ƙarshen nan ya dace da kai sosai. Macen da aka mayar abar lallaɓawa kawai takan ji ta daina zama matar gida ta koma majinyaciya. In ka kawo mata damuwarka, ka nemi ra'ayinta kan karatun yara ko wata matsala ta wurin aikinka kamar yadda ka saba, ka mayar mata da matsayinta.

Kai ma kuma mara barci ne, kada mu wuce wannan. A Denmak an bibiyi maza fiye da miliyan ɗaya, aka tarar waɗanda matansu suka kamu da sankarar mama sun fi sauran shiga asibiti saboda ciwon damuwa mai tsanani da kashi 39 cikin 100. Ka samu mutum ɗaya amintacce, ɗan'uwa ko aboki, wanda za ka riƙa sauke masa abin da ya fi ƙarfin ka kai mata, da izininta kan abin da ya shafi sirrinta. Ka karɓi taimako in an miƙo, jinyar nan ta watanni ce, mutum ɗaya ba ya iya ta. In rashin barcin ya wuce mako biyu yana hana ka aiki, ko abinci ya fita ranka, ko ka ji komai ya daina yi maka daɗi, ka ga likita don kanka. Haka ita ma: in shirun nata ya zarce, ta daina kula yara, ta fara cewa gara a bar maganin ko gara ta huta da duniyar, wannan ya wuce baƙin cikin da ake tsammani, a faɗa wa likitanta a ranar, domin ciwon damuwa yana da magani, wasu magungunansa ne kawai ba sa jituwa da tamoxifen, shi ya sa dole mai rubutawa ya san abin da take sha.

Ranar da za ku koma asibiti, kafin ku shiga, ka tambaye ta ko ta yarda ka tsaya lokacin da za a duba tabon. In ta ce a'a, ka fita ka jira a bakin ƙofa, ka sake tambaya a zuwa na gaba.